Wane famfon iska zan saya in ajiye a mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Corolla gare ni, ina aiki a Dutse, iyalina kuma suna Potiskum, kusan duk bayan mako biyu ina kan hanya. Tayar baya ta dama tana sacewa a hankali, sau biyu ke nan dare yana riskata ina neman mai faci. Na shiga kasuwa na ga ƙananan famfunan iska iri-iri: wani an rubuta masa 150 PSI, wani 300 PSI, wani ana cajinsa kamar waya, wani kuma a jikin mota ake jona shi. Wanne ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da faci na fara neman abinci ina yaro, a gindin wata darbejiya a bakin titi, kafin in koma gyaran wutar mota. Waɗannan ƙananan famfunan da yawa sun zo teburina, wasu sun ƙone, wasu kuma sun ƙona wa mota fis. Bari in ba ka amsar a dunƙule tukuna, sannan in warware maka ita. Ga Corolla, nemi famfo mai waya wanda ake jonawa a soket ɗin mota, wanda wutar da yake ja ba ta wuce 10A ba (A ɗin nan amfiya ce, ma'aunin yawan wutar da kaya ke ja), mai tura iska lita 30 zuwa 35 a minti ɗaya, mai silindar ƙarfe, wayarsa kuma ta kai mita uku. Ka haɗa da ƙaramin geji na daban, wato abin auna iskar taya. Lambar PSI ɗin nan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban kwali kuwa, kau da kai daga gare ta.

Ga dalili. PSI ma'aunin matsin iska ne, ba na yawanta ba. Tayar ƙaramar mota irin taka tsakanin 30 da 35 take buƙata, kuma duk famfon da lafiyarsa ƙalau zai kai nan. To me za ka yi da 300? Ka ɗauka rijiyar gidanku gaba biyar ce. Wani ya kawo maka igiya gaba hamsin amma gugan bai fi gwangwanin madara ba, wani kuma igiyarsa gaba goma ce da cikakken guga. Da wanne za ka riga cika randa? Tsawon igiyar shi ne PSI, girman gugan kuma shi ne yawan iskar da famfo ke turawa a minti ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta sa raunannen inji ya kai matsi mai yawa ita ce a ƙanƙanta masa fistin. Siririn fistin yana matse iska sosai, amma kowane bugu ɗan mitsitsi yake turawa. Shi ya sa sau da yawa mai 300 ɗin nan shi ne zai fi daɗewa da kai a bakin hanya, yana ta ƙara kamar injin markaɗe, tayar kuwa da ƙyar take ɗagowa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Lambar da za ka nema ita ce wadda aka rubuta wa L/min, wato litar iska nawa yake turawa a minti ɗaya, yawanci da ƙananan baƙaƙe a gefen kwali ko a ƙasan famfon. Tayar Corolla mai lamba 195/65 R15 cikinta yana cin kusan lita 30. Kafin ta kai 32 PSI sai an cusa mata iska ninkin wannan sau biyu da ɗan ɗoriya, wajen lita 65 ke nan. Idan kwali ya ce lita 35 a minti, kada ka ce minti biyu ya isa, domin ana auna wannan lambar ne famfo yana hura iska a sarari, babu taya a bakinsa. Da zarar tayar ta fara ƙarfi sai ta riƙa turo iskar baya, saurin ya ragu. A aikace ka sa ran minti huɗu zuwa biyar idan tayar ta sace gaba ɗaya. Mai lita 12 ko 15 kuwa sai ka yi minti goma ko fiye kana jira. Famfon da ba a rubuta masa L/min ba sam, sai PSI kawai, ni ko ɗaga shi ba na yi, don da lambar mai kyau ce da ba a ɓoye ta ba.

Minti biyar da minti goma sha biyu akwai tazara mai yawa a tsakaninsu, ta fuska biyu. Ta farko ka fi ni saninta: tsakanin Azare da Potiskum bayan isha'i ba wurin daɗewa a tsugune ba ne, manyan motoci na wucewa da gudu a gefenka, iyali kuma na cikin mota. Ta biyu ita ce zafi. Duk iskar da aka matse sai ta ɗau zafi, kuma a kan silindar wannan zafin yake taruwa. Shi ya sa kusan kowane ƙaramin famfo ke zuwa da gargaɗi a takardarsa cewa bayan aikin minti goma ko makamancin haka a kashe shi ya huce. Famfon da ke buƙatar minti goma sha biyu kafin ya cika taya ɗaya ya wuce ƙa'idarsa tun bai gama aikin farko ba. Kuma ba da ranar Afrilu ta Yobe aka auna waccan ƙa'idar ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, na kwalta kuwa ba a magana.

Na sha kwance su. Idan ka cire sukurorin da ke riƙe da jikin robar, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: ɗan inji, ƙaramar giya mai haƙora a bakinsa tana juya wata babba, ita kuma tana ɗaga fistin tana sauke shi a cikin silinda, sai wani siririn ƙarfe kamar reza da ke buɗewa iska ta wuce, ya rufe ya hana ta dawowa. A masu araha babbar giyar roba ce, wani lokaci har silindar ma roba. Wani direba ya taɓa kawo mini nasa, kwana tara da saye, ya ce injin yana juyawa amma iska ba ta fita. Da na buɗe sai na tarar haƙoran giyar sun shafe sumul a gefe ɗaya kamar an bi su da dutsen guga, garin roba fari fat ya cika ciki, ga ƙauri. Tayoyi biyu ya hura a jere da tsakar rana, shi ke nan. Babu abin gyarawa, kuma ba a sayar da wannan giyar ita kaɗai. Na miƙa masa abinsa a leda, na ji ba daɗi, don na san da kuɗin cefanen kwana nawa ya saye shi.

Ba lallai sai ka kwance ba kafin ka gane. Ɗauke shi a hannu: mai silindar ƙarfe da cikakken inji yana da nauyi, yakan kusa kilo ɗaya ko ya wuce, wanda ka ji shi sakayau kuwa ajiye shi. Leƙa ta hujojin shan iska da fitilar wayarka, ka ga ko kan silindar na ƙarfe ne mai zara-zaran layuka na fitar da zafi, kuma ko akwai 'yar fanka a bayan injin. Akwai waɗanda babu giya a cikinsu, injin ne kai tsaye ke juya fistin. Sun fi shiru, sun fi daɗewa, sun kuma fi tsada. Idan aljihu ya ba da hali, a nan ƙarin kuɗinka zai fi yin amfani.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafar sana'ata. Soket ɗin nan da ake cewa na kunna sigari, wanda yanzu cajar waya ake jonawa a ciki, ba a yi shi don kaya mai nauyi ba. A murfinsa, a Toyota da yawa, za ka ga an rubuta 12V 120W. Raba 120 gida 12 ka samu 10A, iyakarsa ke nan. Fis ɗin da ke tsaronsa a yawancin ƙananan motoci 10A ne ko 15A. Sai ka juya famfon ka duba ƙasansa ka ga nawa yake ja. Idan ya ce 10A ko 120W, sun dace da juna. Idan ya ce 15A ko 180W, sai ka tabbatar soket ɗin motarka ya kai nan kafin ka biya kuɗi. Masu silinda biyu da ke jan 20A, 30A har fiye, ba na soket ba ne, ko da mai shago ya ce akwai kan da za a sa a haɗa. Da maƙalai biyu suke zuwa, ja da baƙi, a kan batir kai tsaye ake maƙala su, kuma dole wayarsu ta zo da nata fis.

An taɓa jawo mini wata ƙaramar mota da igiya, cikinta yana ta warin ƙonewa. Mai ita ya jona babban famfo a soket, fis ya yanke. Ya sa wani, ya sake yankewa. Sai wani mai taimako a bakin hanya ya naɗa siririyar waya a ƙafafun fis ɗin ya mayar. Famfo ya tashi, taya ta cika, amma wayar da ke bayan rediyo ta narke ta manne da 'yan'uwanta guda shida, suka zama dunƙule ɗaya baƙi ƙirin. Kwana biyu na yi ina bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma Allah ne kawai Ya tsare motar ba ta kama da wuta ba. Fis idan ya yanke magana yake yi maka, cewa kayan sun fi ƙarfin wayar. Ka ajiye biyu ko uku masu lamba ɗaya da na motarka a aljihun gaba, kuma kada ka taɓa sa wanda ya fi shi lamba.

Ja burkin hannu, ka bar injin mota a kunne yayin da kake hurawa. Batir shi kaɗai 12V da ɗan kai yake bayarwa, da inji na aiki kuwa altaneta na kai wutar wajen 14V, famfon ya fi sauri, batir kuma ba ya sauka. Amma a fili, ban da cikin rufaffen gareji, saboda a hayaƙin salansa akwai iska mai kisa wadda ba ta da wari.

Masu caji fa? Suna da daɗin aiki, wannan gaskiya ne. Babu jan waya, ka danna lambar da kake so, ya kai ya tsaya da kansa. Ga mai babur, mai keke, ko mai son ƙara 3 ko 4 PSI da safe a ƙofar gida, sun wadatar. Amma ga mai doguwar hanya irinka abu biyu ne ya hana ni sakin jiki da su. Batirinsu litiyam ne irin na wayar hannu, kuma litiyam ba ya shiri da zafi. Motar da aka rufe aka bari a rana cikinta yana iya haura digiri 60. Famfon da zai shekara a but a irin wannan yanayi batirinsa zai yi ta raguwa, wani ma ya kumbura, kumburarren litiyam kuwa yana iya kamawa da wuta. Na biyu, abin da ba a amfani da shi kullum mantawa ake yi da cajinsa, sai ranar buƙata a danna ya hura rabin taya ya mutu. Mai waya muddin batirin motarka na da rai shi ma yana da rai. Idan duk da haka zuciyarka na kan mai caji, nemi mai hanya biyu, batir da kuma wayar jonawa a soket, ka riƙa cajinsa duk bayan wata biyu, ka kuma shiga da shi ɗaki idan ba tafiya za ka yi ba. Kada lambar mAh da ake rubuta wa batirinsa ta ruɗe ka, Wh za ka duba, ita ce ke nuna ainihin yawan wutar da batirin ke riƙewa. Mai 2000mAh a 7.4V yana da 14.8Wh, mai 4000mAh a 3.7V shi ma 14.8Wh ɗin ne da shi. Ƙarfinsu ɗaya, kwalin ɗayan ne kawai ya fi cika ido.

Sai geji, wanda a ganina shi ne rabin zancen gaba ɗaya. Famfon da ke cika taya da sauri amma gejinsa na ƙarya cutar da kai zai yi. A nan ma mai 300 ɗin ya sake faɗuwa: idan agogon ya tashi daga sifili zuwa 300, tazarar da ke tsakanin 30 da 35 ba ta fi kaurin allurar ba, ta yaya za ka karanta da dare? Nemi wanda agogonsa ya tsaya a 60 ko 100, ko kuma mai nuna lamba a gilashi. Ka kuma sani cewa yayin da famfo ke aiki allurar tana nuna fiye da abin da ke cikin taya, saboda iskar tana cunkushewa a bakin bawul kafin ta shige. Kashe shi, jira allura ta zauna, sannan ka karanta. Duk da haka sayi geji na daban, ko mai kamar biro ko mai lamba, kuɗinsa kaɗan ne. Gwada shi a wurin masu faci biyu daban-daban, idan ka ga sun yi kusa da juna to ka samu abin dogaro. Da shi za ka gane ko na jikin famfon yana ƙari ko yana ragi, da kuma nawa.

Nawa ne daidai ga motarka? Buɗe ƙofar direba, duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai, akwai takarda manne da lambar tayoyin gaba da ta baya. Wasu motocin Turai a bayan murfin tankin mai suke sa ta, kuma da bar ko kPa suke rubutawa: bar 1 daidai yake da 14.5 PSI, 220 kPa kuma shi ne bar 2.2, wato 32 PSI. Lambar da ke jikin tayar kanta, 44 ko 51 PSI, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke buƙata ba. Ni da na yi faci na san yadda ake yi: taya ta zo, a buga mata 45 ko 50, a ƙwanƙwasa da ƙarfe a ji ta yi ƙam, mai mota ya tafi yana jin daɗi. Babu mugunta a ciki, haka muka taras ana yi. Amma tayar da ta cika fiye da kima tsakiyarta ke taka ƙasa, ta cinye da wuri, kamun burki ya ragu, kowane rami kuma ya daki ƙafar mota kai tsaye.

Akasin haka ya fi muni, kuma shi na fi ji a bakin direbobi da bazara: wai a rage iska don kada zafi ya fasa taya. Wallahi wannan magana tana damuna. Tayar da iskarta ta yi ƙasa gefenta ne ke lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi. Ɗauki guntun ƙarfe ka yi ta lanƙwasa shi kana miƙarwa, ka taɓa wurin ka ji zafin da ya ɗauka. Haka ke faruwa da zare da wayoyin ƙarfen da ke cikin taya, kuma idan kana gudun kilomita 100 tayarka tana juyawa sau fiye da 800 a minti ɗaya. A haka roba ke rabuwa da su, tayar ta fashe ana tsakiyar gudu. Ƙarancin iska ne ke dafa taya. Auna da safe kafin ka tashi, ko bayan mota ta huta awa uku. Idan ka auna a tsakiyar tafiya ka ga ta ƙaru da 4 ko 5, haka ya kamata ta yi, kada ka sace ta. Lafiyayyar taya ma tana rasa 1 zuwa 2 PSI a wata, sanyin hunturu kuma yana sauke ta kusan 1 PSI duk lokacin da yanayi ya sauka da digiri 5 ko 6. Wannan shi ne babban amfanin famfon a wurinka, fiye ma da ranar ƙusa: duk Juma'ar da za ka kama hanya ka zagaya tayoyin huɗu da geji.

Idan motarka ƙirar Amurka ce ta 2008 zuwa sama, akwai wata fitila ruwan ɗorawa a dashbod mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Dokar can ce ta wajabta ta tun 2007, bayan haɗurran fashewar taya da suka ci rayuka a ƙarshen shekarun 1990. Sai dai ba ta kamawa sai iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma a motoci da yawa da ke iso mana na'urar da ke cikin tayar ta daɗe da mutuwa. Kada ka jira ta.

Waya da tiyo ba su da dogon zance. Corolla ta kai mita huɗu da rabi, kuma tayarka mai matsala tana baya, don haka waya mita uku da tiyo rabin mita shi ne mafi ƙaranci. Kan tiyon iri biyu ne, mai murɗawa kamar murfin bawul da mai ɗan hannu da ake dannawa ya kama. Mai murɗawa na tagulla ya fi daɗewa kuma ba ya zamewa, sai dai yana sakin 'yar iska lokacin cirewa, don haka ɗora 1 PSI a kai. Mai hannun roba shi ne abin da ke fara karyewa a jikin famfo. Fitila tana da amfani da dare, tsayawa da kansa idan ya kai lamba ma abu ne mai kyau. Sauran ƙyale-ƙyalen kada ka ƙara ko kwabo saboda su. Kuma kada ka dasa shi a kan yashi yana aiki, iska yake zuƙa, ƙura ta shiga silinda ta cinye robar fistin. Shimfiɗa masa kwali ko tabarmar ƙafa ta mota.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, saboda haka da motarka za ka je kasuwa. Fito da safaya idan cikakkiyar taya ce, sace ta zuwa 20, jona famfon a naka soket ɗin, ka kunna agogon wayarka. Daga 20 zuwa 32 bai kamata ya wuce minti uku ba. Saurari sautinsa: idan ya fara da ƙarfi, yana kusa da 30 ya koma nishi kamar zai tsaya, injin ƙarami ne. Taɓa wayar da kan filogin, ɗumi ba laifi, amma idan ya yi zafin da ba ka iya riƙewa to tagullar da ke ciki siririya ce. Sannan auna da gejinka ka kwatanta. Mai shagon da ya ƙi yarda a gwada, yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba. Sunan babban kamfani a jikin kwali ba hujja ba ne, jabu sun yi yawa, gwajin nan ne zai raba gardama.

Akwai wata hanya da ba kowa ke lura da ita ba. Motocin Turai da yawa na shekarun nan ba sa zuwa da safaya, sai ƙaramin famfo da kwalbar ruwan toshe huji a ƙarƙashin but. Irin waɗannan famfunan suna biyo kayan Beljiyam, ana cin karo da su a wurin masu sayar da kayan gyara na hannu, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Kamfanin mota ne ya sa aka ƙera su, wasu ma ba a taɓa kunna su ba. Duba lambar wutar da yake ja, tabbatar yana hura iska ba sai an ɗaura masa kwalbar ba, ka yi masa gwajin da na faɗa. Kwalbar kuwa bar musu abarsu, ruwan yana da ranar lalacewa, kuma yana dame cikin taya ya wahalar da mai faci.

Duk wannan lissafin na ƙaramar mota ne. Mai Hilux ko Prado, tayarsa irin 265/65 R17 ta ninka taka fiye da sau biyu a ciki, mai bas ƙirar Hiace kuma tayoyinsa na lodi suna neman matsin da kan haura 50. Su babban famfo mai maƙalawa a batir ne ya kamace su, mai lita 60 ko 70 zuwa sama. Haka masu shiga yashi ta wajen Yusufari ko arewacin Damagaram, da ke rage iska zuwa wajen 18 ko 20 don kada mota ta kafe, sannan su mayar da ta tayoyi huɗu a jere da sun hau kwalta. Tirela da tifa kuwa wutarsu 24V ce, famfon 12V ƙonewa zai yi nan take. Famfon ƙafa mai silinda biyu ma kada a raina shi, ba ya neman batir ko fis, gumi kawai yake ci.

To, Malam, ga abin da ya kamata ka fara da shi tun gobe da safe, kafin ma ka je kasuwa: tayar nan taka. Famfo zai kai ka gari na gaba, amma ba zai warkar da ita ba. Tayar da ke sacewa a hankali ɗaya daga abu huɗu ne yawanci: ƙusa ko sukuru ya shige ya zauna, ƙwayar bawul ta saki, robar bawul ta tsage saboda rana, ko kuma rim ya lotsa a rami ko ya yi tsatsa a inda bakin taya ke zama. Kaɗa ruwan omo, cire murfin bawul ka ɗiga a bakinsa, ka ɗan tanƙwara bawul ɗin gefe da gefe, ka shafa a zagayen bakin rim ciki da waje, sannan ka bi saman tayar. Inda kumfa ke tasowa nan ne. Idan mai faci ya cire ta, ce masa ya kwance ta daga rim ku duba cikinta tare. Idan ka ga baƙin gari kamar na gawayi, ko wani zobe ya zagaye gefen ciki kamar an kankare, to an yi tafiya a kanta ba iska, zarenta ya mutu, ba ta facuwa. Duba kuma lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya mai tsattsagewar gefe canji take so.

Ka haɗa famfon da kayan toshe hujin tubles, wato igiyar faci mai danƙo da ƙarafunan nan biyu na sharewa da cusawa, da filaya ta zare ƙusa. Ce wa mai facinka ya nuna maka a tsohuwar taya, sau ɗaya ka gani ka iya. Wannan na hujin da ke saman taya ne kawai inda take taka ƙasa, kuma na isa gari ne, daga baya a yi mata faci ta ciki. Huji ko tsaga a gefe, ko ƙulu da ya taso, ba a yi musu faci kowane iri. Idan kuma bakin taya ya rabu da rim, ƙaramin famfo ba zai mayar da shi ba, iskar fita za ta yi ta yi ta gefe. Kada ka bari wani ya zuba fetur ya ƙyasta ashana wai don ta koma, sa safaya kawai.

Ita ma safayar ka auna ta yau ɗin nan, don na sha ganin wanda ya sauke tasa a daji ya tarar ta fi wadda ya cire laushi. Idan siririya ce ta wucin gadi, 60 PSI aka rubuta mata kuma ba a wuce gudun kilomita 80 da ita. A nan ne kaɗai famfonka zai yi aiki sama da 35, sai ka ba shi hutu a tsakiya idan ka ji kansa ya ɗau zafi. Allah Ya tsare hanya, a gaida mutanen Potiskum.